Kwaikwayo, gwaji ko jarrabawa? Amsa ga mai tambaya kan tukunyar Zara

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya: "Malam, na ji labarin wata na'ura a Amurka da ake haɗa yanayin wasu duniyoyi a cikinta don a ga ko kayan kumbo za su jure. Me ya kamata mu kira aikin, kwaikwayo, gwaji ko jarrabawa? Kuma Zara da ake cewa tauraruwa, ita ce ta cikin 'zara ba ta barin dami'?"

Ɗalibi, madalla da wannan tambaya. Bari mu fara duba abin da ake yi, domin kalma ba ta zama daidai sai an san aikin da za ta ɗauka.

Na'urar tana Cibiyar Bincike ta Glenn ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a jihar Ohayo, sunanta GEER. Ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce mai kaurin bango, ana ɗura mata iskoki gwargwadon yadda suke a duniyar Zara (Venus a Turance, wadda muke hangowa kamar tauraruwa), a toshe, a ƙara wuta har zafi ya kai wajen digiri 460 a ma'aunin Salshiyas, matsin iska kuma ya ninka na duniyarmu sau 90 da ɗoriya. Darma kan narke a digiri 327, ka ga ke nan can ruwa za ta zama. Mafi yawan iskar, kusan kashi 96 cikin ɗari, kabon dayoksaid ce, sai ɗan burbushin iskokin farar wuta, waɗanda duk da ƙarancinsu su ne masu cin ƙarfe.

To, aiki biyu ne a nan, kowanne da sunansa. Haɗa yanayin shi ne kwaikwayo, wato yin abu kamar wani alhali ba shi ba ne. Abin da ake wa kayan da aka sa a ciki kuwa, gwaji ne. Jarrabawa ba kuskure ba ce, amma a kunnen Bahaushe ta fi zama da mai rai, ɗan makaranta ko bawan da Allah ya jarraba. Ni dai gwaji na zaɓa, kuma ina da dalili.

"Gwada" kalma ce mai faɗi: tana nufin aunawa, tana nufin nunawa, kamar a ce "gwada mini hanya", tana kuma nufin kwatanta abu da ɗan'uwansa. Wannan ta ukun ce ke ɓoye cikin karin maganar nan, "sai an gwada akan san na ƙwarai". Mutane da dama kan tsaya ga ma'anar taɓawa a gani, su manta cewa na ƙwarai ba ya fitowa sai a tsakanin wasu. Haka kuwa ake yi a tukunyar. Ana jera gutsattsarin kaya iri-iri gefe da gefe, a bar su kwanaki, sannan a buɗe. Jan ƙarfe kan fito farar wuta ta cinye fuskarsa, zinariya kuwa ta fito yadda ta shiga.

Batun kayan lantarki ya fi ba ni sha'awa. Kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyet ya sauka a Zara a 1982, ya yi minti 127 yana aiko saƙo, sannan ya yi shiru, duk da sulken da aka yi masa. Silikon da ke cikin wayoyinmu da kwamfutocinmu ba ya ɗaukar irin wannan zafi. Masanan Glenn suka ƙera da'irorin lantarki da silikon kabayid, wani haɗin silikon da kabon mai jure zafi, suka sa su tsirara cikin tukunyar, ba sanyaya ba kariya, suka yi awa 521 suna aiki, kamar yadda aka bayyana a 2017. Kwana 21 ke nan da awa 17.

Tambayarka ta biyu gajeriyar amsa gare ta. Zara tauraruwa daga Larabci ta zo, Zuhra, ita ce muke wa kirari da matar wata. Ta cikin karin maganar kuwa daga "zare" take, cire kara ɗaya-ɗaya har damin ya ƙare. Ba abin da ya haɗa su sai rubutu.