'Yata tana ci tana amayarwa, akwai maganin sha?

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 19 tana karatu a Jami'ar Jos. Sai ta ci abinci kamar ba gobe, ta shige banɗaki ta zura yatsa ta amayar, wai kada ta yi ƙiba. Ta fara ramewa, maƙwabciyata ta ce in sayo mata maganin sa ƙiba a kemis. In sayo? Daga wata uwa a Unguwar Rogo.

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ta lafiya. Don Allah kada ki sayo. Maganin ƙiba yunwa yake ƙarawa, ita kuwa ba marmarin abinci ta rasa ba, tsoron ƙiba ne ya kama zuciyarta. In yunwa ta ƙaru, aman ma ƙaruwa zai yi. Alamomin nan sun yi kama da lalurar da muke kira bulimiya, kuma ba iskanci ba ne, ciwo ne.

Kafin maganar kowace ƙwaya, ki kai ta a auna jininta. Yawan amai yana zubar da sinadarin fotasiyam, ƙarancinsa kuma yana hargitsa bugun zuciya. Shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Ki duba bayan yatsunta ko akwai kanta a inda haƙori ke gogawa, ki lura ko ƙasan kunnuwanta ya kumbura.

Maganin sha akwai. Fluoxetine shi ne aka fi tabbatar da amfaninsa a bulimiya, yawanci miligiram 60 a rana, alhali na ciwon damuwa daga 20 ake farawa. Yana rage yawan ci da aman, amma sai ya ɗauki makonni, kuma a farkon shansa dole a sa ido sosai, domin wasu matasa kan ji tunanin cutar da kansu. Shi ya sa likita ne kaɗai zai rubuta. Bupropion kuwa, wani maganin ciwon damuwa, ba a ba mai wannan lalura, yana iya jawo farfaɗiya.

Ƙwayar tallafi ce kawai. Ainihin aikin yana wurin zama da masanin halayyar ɗan'adam, a gyara tunaninta game da jikinta, a tsara mata cin abinci a kan lokaci ba tsallakewa.

Ki kai ta sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Ki same ta ku biyu a ɗaki, ba a gaban ƙannenta ba, ki ce kin gani kuma ba faɗa za ki yi ba. In ta suma ko ta ce ƙirjinta na fat-fat, a tafi asibiti a ranar.