Amsa kan kwana da 'yan sikawut a Dutsen Kwatarkwashi lokacin hunturu

Malam, ka tambaya ko ya dace ka kai yaranka na sikawut su kwana a kan Dutsen Kwatarkwashi cikin watan Disamba, da kuma kayan da za su ɗauka. Shawarata ita ce ku hau da safe, ku sauko kafin la'asar, ku kwana a harabar wata makaranta a cikin gari, domin halin tsaro a yankin Bungudu na jihar Zamfara, inda dutsen yake, bai kai a kwana da yara a fili ba. Kafin tafiya ka nemi yardar iyaye a rubuce, ka sanar da masarauta da jami'an tsaro, ka kuma samu ɗan gari ya yi muku jagora, saboda hazo kan ɓoye hanya.

Sanyin ma ba na wasa ba ne. Ya fi tsanani gab da asuba, kuma ƙasa ko siminti na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska, don haka tabarma kaɗai ba ta isa ba. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. Na taɓa ganin yaro yana makyarkyata har ya kasa riƙe butar alwala, alhali yana da bargo. Kowa ya zo da rigar sanyi, hula, safa da man kaɗanya na leɓe da kaushi.

Ruwan sha ku hau da shi, aƙalla lita 2 ga kowane yaro. Kada a hura wuta kusa da busasshiyar ciyawa, kuma a zazzage takalmi kafin a sa, saboda kunama.