Amsa kan gam ɗin toshe yoyon ƙaramin jirgin ruwa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina, na ji muryarka tun da safe, ina bakin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce ɗan jirgin maigidanku mai tafiya da iska yana yoyo ta gindin ƙarafan da ake ɗaure igiya, da gefen taga, ka sayo silikon na banɗaki, wani kuma a nan ya ce ka nemi gam ɗin da ake kira 5200 ka shafe ko'ina. To don Allah dakata, kar ka buɗe ko ɗaya tukuna.

Silikon ɗin nan, buɗe shi ka shinshina, za ka ji warin tsami. Wannan tsamin yana cin ƙarfe. Sannan duk inda ya taɓa sai ya bar maiƙo, fenti ba ya kamawa, wani gam ba ya kamawa, shi kansa sabon silikon ba ya kama tsohon da kyau. Ajiye shi, ya yi aikin gida.

Shi kuwa 5200 na kamfanin 3M, gam ne na gaske, ban raina shi ba. Amma kafin ka matsa shi ka tambayi kanka, abin nan zan sake cire shi wata rana? In amsar e ce, ba wurinsa ba ne. Ni na gani da idona. Akwai jirgin da aka kawo mana a nan Legas, wani ya ɗaura ƙarfen igiya da shi. Mun kwance notuna duka, ƙarfe ya ƙi motsi. Da muka sa ƙarfi sai ya taso da fatar faibar, wato abin da aka ƙera jikin jirgin da shi, faɗin tafin hannu, fari fat a manne a gindinsa. Aikin awa ɗaya ya koma na kwana uku, mai jirgi kuma ransa ya ɓaci. Wurin 5200 shi ne inda ba a son rabuwa har abada, kamar mahaɗar gangar jirgi da rufinsa. Kuma yana cin kusan kwana 7 kafin ya bushe sosai.

Ƙarafan sama da ka ce, tunda noti ne ke riƙe da su, ba manni suke buƙata ba, toshiya kawai. Ni butil nake sawa, wani abu ne kamar cingam a naɗe, ba ya bushewa, shekaru sai ya yi yana da taushi, ranar cirewa kuma ba faɗa. In ba ka samu ba, nemi 3M 4200 ko Sikaflex 291, suna riƙewa amma suna sakin abu in an matsa musu. Butil dai kar ya je ƙasan ruwa, kar ya je kusa da fetur. Ƙasan ruwa 4200 ko 291 ɗin.

Taga kuma ka kula. In roba ce mai kama da gilashi, waɗannan gam ɗin ba nata ba ne, wasu ma sa ta suke ta yi tsatstsage. Akwai nata daban, Sikaflex 295 UV, da ruwan share fagensa da ake fara shafawa. Kuma kar asiton, wato sinadarin nan na goge maiƙo, ya taɓa ta.

Yanzu aikin kansa, don wallahi rabin yoyon da nake gani ba laifin gam ba ne. Kar ka shafa a gefe ta waje ka ce ka gama, ruwa zai bi ta ƙasa. Cire ƙarfen gaba ɗaya. Kankare tsohon gam tas, goge faibar da asiton, ka bari ta bushe. Tura ɗan tsinke cikin ramin ƙusar, in ka ji katakon da ke tsakiyar faibar ya jiƙe ko ya ruɓe, tsaya, sai an busar an gyara, in ba haka ba ka rufe ruwa a ciki ke nan. Sai ka ɗan faɗaɗa bakin kowane rami kaɗan, ya yi kamar bakin mazurari, nan gam zai taru ya zagaye wuyan ƙusar. Manna salatif a kewaye don kar ka ɓata wuri. Wajen ɗauri, wani ya riƙe kan ƙusar a sama kar ta juya, kai ka ja noti daga ƙasa. In gam na kwalba ne, irin su 4200 ko 291, kar ka ɗaure tamau ka matse shi duka ya fito, bari ya kama jikinsa sannan ka ƙarasa.

Af, duba kwanan watan da ke jikin kwalbar kafin ka biya, don wanda ya daɗe a shago daskarewa yake a ciki. Kuma su waɗannan da danshin iska suke bushewa, a Legas da damina ba sa ɓata lokaci, da hunturu kuwa ka ƙara musu kwana. Turo min hoton tagar ta ciki da ta waje, in gani ko da noti aka ɗaura ta ko manna ta aka yi.