Kar ka sa hannu tukuna, ɗan uwa

Ɗan uwa wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, kamar ni na rubuta ta. Ka ce abokin da kuka buɗe manhajar tare ya samo mai zuba jari ya kawo maka takardu ka sa hannu, wasu kuma na cewa ka yi haƙuri ai Eduardo Saverin ma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, an ture shi a kamfanin amma yau ga shi biloniya. Don Allah kar ka sa hannun nan tukuna.

Rabin labarin suke ba ka. Saverin ne ya fara sa kuɗi a 2004 suna ɗalibai a jami'ar Harvard shi da Mark Zuckerberg, kashi 30 ne nasa. Da wani mai zuba jari, Peter Thiel, ya kawo dala 500,000 aka sake yi wa kamfanin rajista a jihar Delaware ta Amurka, aka ba Saverin takardu ya sa hannu, daga baya aka ƙaro sabbin hannun jari aka raba ban da shi, kasonsa ya zube ƙasa da kashi 10. Kotu fa suka shiga shi da Facebook, sai a 2009 aka sasanta aka mayar da sunansa cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Ɗan abin da ya rage masa, wajen kashi 2 lokacin da Facebook ya shiga kasuwar hannun jari a 2012, shi ne tushen dukiyar, yana zaune a Singafo ya buɗe kamfanin B Capital a 2015 yana zuba jari a kamfanonin wasu. Ya samu abin kaiwa kotu ne saboda sunansa na kan takarda.

Ni ko wannan ban da shi. Filin da na gada na sayar muka fara shafin sayar da atamfa da shadda ni da wani abokina, ni ke yawo kasuwar Kwari cikin rana ina ɗaukar hotuna, ni ke lallashin 'yan kasuwa, shi yana kan kwamfuta. Da aka zo rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya ce in bari zai yi, ai mu 'yan uwa ne. Mutumin da tare muka yi makarantar allo, mahaifiyata ta sha zuba masa tuwo. Ranar wata Litinin bayan ƙaramar salla na zo shiga shafin ya ƙi buɗewa, na gwada ya fi sau goma ina zaton netwok ne, na kira shi bai ɗaga ba, na je ofis yaron da NI na ɗauka aiki ya tare ni a ƙofa yana sunkuyar da kai wai oga ya ce in jira a waje. Na zauna kan benci har la'asar. Da na koma gida na kasa gaya wa maiɗakina, kwana uku ina fita da safe kamar mai zuwa aiki.

Ka nemi lauya naka na kanka, ba na kamfanin ba, ya duba kashi nawa za ka koma bayan jarin ya shigo, kuma wa ke da ikon ƙaro hannun jari. Ka binciki sunanka a CAC yau ɗin nan. Duk rasit da hirarku ta WhatsApp ka adana. Ka yi istihara, kuma ka gaya wa iyalinka da wuri, ɓoyewar nan ta fi asarar filin ci na.

Har yanzu muna haɗuwa da shi wajen ɗaurin aure, ya miƙo min hannu in karɓa, in dawo gida in kasa barci.