Sandar da ke buɗe zanen jirgi a tseren ruwa

Tambaya: Malam, ni masunci ne a tafkin Lagdo, kudu da Garwa. Na ga tseren jiragen iska a waya, an tokare zanen gaba da wata doguwar sanda. Mene ne amfaninta, kuma ba maguɗi ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba maguɗi ba ne. Idan iska tana busowa daga bayan jirgi, babban zane yakan tare ta, sai zanen gaba ya yi ta kaɗawa ba ya jan komai. Shi ne ake maƙala kan sandar a jikin jigo, wato dogon turken da ke tsaye a jirgin yana riƙe da zannuwa, ɗaya kan kuma a kusurwar zanen, a tura shi ɓangaren da babban zanen ba ya nan. Zannuwan biyu sai su buɗe kamar fukafukan shamuwa, kowanne ya sami rabonsa na iska.

Amma akwai ƙa'ida. Dokar tsere ta duniya ta ce sanda ɗaya ake amfani da ita a lokaci guda, sai fa yayin sauya ɓangare, kuma dole tana haɗe da jigo. A tseren da manya da ƙananan jirage ke haɗuwa, ana yi wa kowanne lissafin rangwamen lokaci, kamar tsarin PHRF na Amurka. Yawanci tsawon sandar ba ya wuce tazarar jigo zuwa gindin igiyar gaba, wato wadda ta ɗaure jigon da goshin jirgi. Wanda ya ƙara, a rage masa rangwame. Ni dai ina ganin adalci ne, don doguwar sanda ƙarin gudu ce.

Idan za ka gwada a kwalekwalenka da gora, jira iska mai sauƙi, ba ta tsakiyar hunturu ba.