Amsar murya a kan zanen alƙaluma ga masu karatu daga dama zuwa hagu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce rahoton farashin hatsi da kuka haɗa za a fitar da shi da Larabci da ajami, kana tambaya ko juya zanen kawai za ka yi kamar a madubi. To, kar ka yi haka, bari in faɗa maka dalili.

Abin ya taɓa faruwa da ni. Na zana layin farashin gero, shekarar farko a hagu, ta ƙarshe a dama, layin yana hawa. Na miƙa wa wani dattijo malaminmu wanda duk karatunsa na allo da littattafan Larabci ne. Ya duba, ya ce, "Alhamdulillahi, gero ya sauko." Wallahi jikina ya yi sanyi. Malam bai yi kuskure ba, idonsa daga dama ya faro, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Abin da na zana yana hawa, shi gangara ya gani.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 1991 wata mai bincike, Barbara Tversky, da abokan aikinta sun sa yara su jera karin kumallo, abincin rana da na dare. Masu Turanci suka faro daga hagu, masu Larabci daga dama, masu Ibrananci kuma suka rarrabu. Ka ga hannun da mutum yake rubutu da shi yana shiga har cikin yadda yake ganin tafiyar lokaci.

To me za ka yi? Kan magana, bayanin launuka da sunayen kasuwanni, duk mayar da su dama. Ginshiƙan da suke kwance su tsiro daga dama su miƙe zuwa hagu, kusa da sunayensu. Wannan ba gardama. A Excel ma akwai wurin da ake juya shafin gaba ɗaya.

Layin shekaru ne mai wuyar sha'ani. Ƙa'idar zane ta Google cewa ta yi kar a juya irin wannan zane. Amma ni ina ganin mai karatunka ne alƙali. In ɗaliban jami'a ne, bar shi yadda yake. In malaman zaure ne, faro daga dama. Ko wanne ka zaɓa, rubuta shekarun ɓaro-ɓaro, ka sa 'yar kibiya, sannan kan maganar ya faɗi sakamakon kai tsaye: "Farashin gero ya tashi." Da na yi haka, da Malam bai ruɗe ba.

Lambobi kuwa, kar ka taɓa su. Ko a Larabci 2024 tana nan 2024, ba ta komawa 4202. Sai dai ka san waɗanne za ka sa. Masar, Sudan da Saudiyya sun saba da ١٢٣, Maroko, Aljeriya da Tunisiya kuwa irin namu na boko suke rubutawa. In rahoton zai kai ga 'yan uwanmu Hausawan Sudan, ka tuna da wannan.

Af, na kusa mantawa. Wasu manhajoji suna wargaza haruffan Larabci, su raba su ɗaya-ɗaya, har su jera su a baibai. Ajami ya fi shan wahala, saboda ba kowane font, wato salon haruffa, ne yake da alamar imala, ɗigon da ke nuna wasalin e, ba. Kafin ka kai gurin bugawa, buga kwafi ɗaya, kai wa malami biyu ko uku, kar ka yi musu bayani, ka dai tambaye su me suka gani. Turo min hoton zanen in duba bayan Isha'i in Allah ya yarda.