Amsoshin tambayoyinku: haɗin fayif da tiyo, me za a saya me za a bari

Salamu alaikum jama'a. Tambayoyin wanga mako kusan duk kan haɗin fayif sunka faɗa, na ɗauko huɗu daga ciki.

Ta farko daga wani manomin albasa ce a Aliero. Ya ce: "Malam injin ban ruwana mai inci 3 ne, da na tada shi sai ya ja ruwa na ɗan lokaci ya saki, sai na sake cika shi, a wuni sai in yi haka sau biyar. Tiyon da roba na ɗaure shi kuma ba ya yoyo ko kaɗan. Mai shago ya ce injin ya gaji in sayi sabo. In saya?"

Alhaji don Allah kar ka saya tukuna, riƙe kuɗinka. Maganar da ka yi cewa ba ya yoyo ita ce ta sa nake zargin haɗin, domin ɓangaren da inji ke tsotso ruwa ba ya ɗiga in akwai kafa, iska yake zuƙa ciki, kai kana kallon waje a bushe kana cewa lafiya lau alhali injin iska yake sha, da iskar ta taru sai ya saki ruwa. Robar tayar mashin da muke yankawa mu ɗaure tiyo tana aiki a bakin da ruwa ke fita, can ko ta ɗiga ba komai, amma a bakin tsotso rana na gasa ta tana saki a hankali ba ka sani ba.

Ga abin da za ka yi kafin ka kashe ko sisi a kan inji. Kwance haɗin bakin injin ka duba wasar robar nan da ke ciki, sau da yawa ta tsage ko ta faɗi a gona an ɗaura haka nan. Sa sabuwa. Sannan ka sayi kilif na ƙarfe guda biyu, ba irin siririn nan da ake juyawa da sukundireba ba, wanda ke da kusa da noti da ake ɗaurewa da sifana, ka jera su kusa da juna kusar ɗaya na kallon nan ta ɗayan na kallon can. In bakin tiyon ya yi tauri ya ƙi shiga ka tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, kar ka kai shi wuta, wuta na ƙona shi ya sandare daga baya ya tsage. In tiyon naka na da futbal a ƙasa, wato abin nan da ke hana ruwa komawa, duba ko yashi ya maƙale a ciki. Kuma ka tuna irin wanga inji da ke zaune a sama ba ya iya jawo ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 7 zuwa 8 komai sabuntarsa, to in Maris da Afrilu sunka zo ruwan fadama ya ja ƙasa, sabon inji ma haka zai yi maka, shi ya sa kake ganin wasu na haƙa rami su sauke injin ciki don ya matso kusa da ruwa. In ka yi duk wannan bai daina ba sai ka kai wa makaniki ya duba sil, wato abin da ke hana yoyo a bayan fankar da ke tura ruwa cikin injin, shi ma canza shi ake yi, ba injin ake yarwa ba.

Ta biyu wata Hajiya ce daga Birnin Kebbi. Ta ce: "Za a sa mini tanki a sama da injin tura ruwa. Mai aikin ya kawo lissafi biyu, na farin fayif da ake sa wa gam, da na kore da ake narkawa da inji, na koren ya fi tsada. Kuma ya rubuta wani abu wai yuniyan har guda huɗu, anya ba cika lissafi ba ne?"

Hajiya wannan mai aikin naki ya san aiki, yuniyan ɗin nan su ne abu na ƙarshe da zan yarda ki cire. Bari in yi miki bayani. Haɗin fayif iri biyu ne, akwai wanda in anka yi shi an gama har abada, gam da narkawa kenan, ba ya buɗuwa sai da zarto, akwai kuma wanda ake kwancewa a mayar. Yuniyan gida uku ne, baki biyu da babban noti a tsakiya, da an juya notin fayif ya rabu biyu ba a yanka komai ba. Inji kuwa dole wata rana ya je gyara, tanki dole a wanke shi ko a sauke shi, to ɗaya a bakin shigar inji, ɗaya a bakin fita, ɗaya a gindin tanki, na huɗun wajen makunnin ruwa, lissafin ya fita daidai. Na taɓa zuwa wani gida da anka liƙe komai da gam tun daga inji har tanki, injin ya ƙone, sai da munka yanka layi wuri uku kafin ya fito, kuma da za a mayar fayif ya gajarce sai da anka sayo soket, wato ɗan guntun da ke haɗa bakin fayif biyu, da sabon tsayi, abin ya ba ni haushi ƙwarai don matar gidan ta biya kuɗin aiki sau biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Batun fari ko kore kuma, farin PVC ne koren PPR. In fayif zai shiga cikin bango a rufe da siminti da tayil, ko za ki sa hita ta ruwan zafi, ki daure ki sa PPR, haɗinsa narkewa yake ya zama jiki ɗaya kuma yana ɗaukar zafi, PVC na gama gari ba a yi shi don ruwan zafi ba. In layin waje ne na ruwan sanyi PVC mai kauri ya isa, amma ki ce mai kauri na matsin ruwa, ba siririn da ake sa wa wayar wuta ko fitar da ruwan wanka ba. Ko wanne kika zaɓa kar a bar shi tsirara a rana, ranar Kebbi kin san ta, tana cin roba har ta koma kamar ƙwai, a binne shi ko a shafa mai fenti.

Abu biyu ki sa ido ranar aiki. In kika ga mai aikin ya kunna takarda ko buhun siminti yana gasa bakin fayif don ya buɗe ya cusa wani ciki, ki tsayar da shi ki ce a sayo soket, wurin da anka gasa ya yi siriri kuma nan yake fara fashewa. Na biyu, inda roba za ta haɗu da ƙarfe, robar ce ya kamata ta zama mai zaren waje ta shiga cikin ƙarfe, in ƙarfe ya shiga cikin roba aka matse da ƙarfi tsaga ta yake, wani lokaci ba ranar ba sai bayan wata guda ki ga bango ya jiƙe. In dole ne a yi hakan to a sayi soket mai zoben tagulla a ciki.

Ta uku wani yaro ne mai koyon aikin famfo a Jega, ya ce Oga ya kusa yaye shi, ya tara ɗan kuɗi, injin narka PPR zai fara saya ko dayis na yanka zare a fayif ɗin ƙarfe ko kuwa sifanun fayif?

Ƙanena fara da sifanun fayif guda biyu, inci 14 da inci 18, biyu na ce domin ɗaya na riƙewa ɗaya na juyawa, mai sifana ɗaya shi ne ke zuwa kwance kan famfo ya karya elbo, wato haɗin kwana, a cikin bango. Ka duba haƙoransu su zama masu kaifi kuma muƙamuƙin kar ya riƙa rawa. Sai almakashin yanka fayif, yana yanka a miƙe ba kamar zarto ba da ke barin gashi a baki. Bayan nan injin PPR, don sababbin gidaje yanzu shi suke nema, amma ka sani wuta yake ci, in babu wuta sai janareto, ka sa wannan a lissafinka tun kafin ka faɗi kuɗin aiki. Zafinsa digiri 260 ne, fayif mai milimita 20 daƙiƙa 5 ya ishe shi, mai 25 kamar 7, ka cire ka tura a miƙe kar ka murɗa, in ka bari ya daɗe ko ka danna da yawa robar na taruwa a ciki ta toshe hanya, waje kyakkyawa amma ruwa na zuwa kamar fitsarin jariri kuma ba wanda zai gane daga ina ne. Dayis ka bar shi sai daga baya, aikin fayif ɗin ƙarfe ya ragu, in ya taso ka ara wurin Oganka ko ka kai a yanka maka. Kuma farin tef ɗin zare, ka naɗa shi ta hannun da ake ɗaurewa, in ka naɗa a juye yana warwarewa tun kana murɗawa.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga wani mai lambu a Yauri da ke son jan ruwa daga bohol zuwa gona mai ɗan nisa, yana tambaya ko ya jera farin fayif da gam.

Malam sayi baƙin fayif na naɗi, HDPE, tsayi ɗaya zai yi maka tafiya mai nisa ba haɗi, kuma shi gam ba ya kama shi sam, da haɗin matsi ake haɗa shi, mai noti na roba da zobe mai haƙora da wata robar a ciki. Yanka bakin a miƙe, ka ɗan fere gefensa da wuƙa don kar ya ture robar, jiƙa shi da ruwa, tura har ka ji ya wuce robar ya tsaya, sannan ka ɗaure notin da hannu ka ƙara kaɗan da sifana. Ka je shago da guntun fayif ɗin a hannu don awonsa na milimita ne, 32 ko 50 ko 63, kar a ba ka na inci. In damina ta zo ka kwance notin ka naɗe kayanka ka kai gida.